Buzun Baba da Kwak Uku

Asabar, 5 ga Yuli, da hantsi

Baba bai buɗe zaure ba yau.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Asabar ta waye zauren Malam Mahmudu na Tudun Wada yana rufe ba. Ɗalibansa sun zo kamar kullum da littattafai a hammata, manyan mutane, wasu da furfura, suka yi cirko-cirko a ƙofar gida. Ni kuwa Sharfaddeen, sabon dakta, wanda jiya aka yanka wa rago, ina laɓe bayan labule ina leƙen su.

Bahijja ta kawo min koko da ƙosai, ta ajiye ta fita ba ta ce uffan ba. Matata ke nan, wadda ko tana tuƙa tuwo bakinta ba ya hutawa.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a wurin walimar ba. Hadari ya haɗo, lasifika na ta ƙara, mutane sun cika, na gaji. Shi ke nan.

Lahadi, bayan Azahar

Na shiga gaishe shi a ɗakinsa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, barka da yini." Ya ce, "Lafiya lau, Dakta."

Dakta! Mutumin da yake kirana Sharfu tun ban san dama da hagu ba. Wallahi da mari ya sharara min da ya fi min sauƙi.

Litinin, da magariba

Zaure a rufe. Buzun da yake zama a kai yana jingine bayan ƙofa, a naɗe.

Laraba, 9 ga wata, bayan La'asar

Na je Kwangila sayen taki don 'yar gonar bayan gida, na manta shaf a nan shagon Malam Nagoda yake. Shi ne babban ɗalibin Baba, ya fara ɗaukar karatu a zaurenmu tun ba a haife ni ba. Na so in sulale, ya ƙwala min kira, "Ɗan Malam, zo nan!"

Bai yi min faɗa ba. Abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min lemo, sannan ya fara tuna min al'adar gidanmu kamar ni baƙo ne. Tun zamanin kakan Baba, duk ɗan gidan da ya sauke littafi, kowane iri ne, ranar walima zai kawo shi zaure, ya zauna kan tabarma gaban Malam, ya karanta layin farko, ya fassara da Hausa yadda kowa zai ji. Malam ya yi masa tambaya ɗaya ko biyu, ya ɗora hannu kan littafin ya sa albarka, sannan a ci abinci. Ƙanena Mujahid da ya karanci shari'a a Kongo, nan jami'ar Zariya, ya yi. Ƙanwata Ishatu ma da ta karanci aikin jinya an shimfiɗa mata tabarma ta yi.

Na ce, "Na sani, Malam Nagoda."

Ya ce, "Ka sani? To ni abin da kunnena ya jiyo min ta lasifika shi ne: Baba, wannan ba irin karatunku ba ne, ko na fassara ba za ka gane ba. Ka kuma haɗa da dariya."

To, ga shi nan na rubuta. Ba da bakina ba, amma na rubuta.

Abokan aikina na sashen fiziks suna zaune a sahun gaba ranar, da manyan riguna, suna murmushi. Ban so su gan ni gurfane kan tabarma ina in'ina kamar mai koyon baƙi ba. Kundin nawa na digiri na uku ne, kan ƙarfin da ke riƙe da can tsakiyar ƙwayar zarra, shafin farko ma rabinsa lissafi ne. Baba bai ce komai ba sai "Madalla." Ya tashi, ya naɗe buzunsa da kansa, ya shige gida.

Na baro shagon ban sayi takin ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na sake durƙusawa, wannan karon har goshina ya kusa taɓa ƙasa. Na ce ya yafe min, suɓutar baki ce.

Ya ce, "Na yafe tun a ranar, Dakta. Ai ba ƙarya ka yi ba. Mutum bai san iyakar kansa ba sai an nuna masa."

Na ce to ya buɗe zaure, mutane na jira.

Ya ce, "Wanda ɗan cikinsa ya shaide shi da gajeriyar fahimta a bainar jama'a, da wace fuska zai ce wa ɗan wani, saurara in fahimtar da kai? Tashi ka je, Allah ya yi albarka."

Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Abin da ya karya min gwiwa ke nan. Ashe ya yarda da maganata.

Asabar, da safe

Ɗalibai sun ragu. Na ji an ce wasu sun fara zuwa wurin wani malami a Dutsen Abba.

Lahadi, 13 ga wata, da rana tsaka

Yau haushi nake ji, kuma zan faɗa. Ni kaɗai ne na taɓa yin suɓutar baki a garin Zariya? Shekara nawa na yi a ƙasar mutane, sanyi na cin ƙasusuwana, ina cin burodi da shayi, don in fito da sunan gidan nan? Kuma a ce gaskiya, wa ya taɓa faɗar wannan karatun da Hausa? Wace kalma ce da mu? A can ma cikin malaman fiziks ba kowa ne yake bin lissafin har ƙarshe ba. Tsoho ya bi ya ɗauki magana ɗaya ya mai da ita jana'iza!

Astagfirullah. Na karanta abin da na rubuta yanzu, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Ba zan yage shafin ba, bari ya zauna in riƙa ganin halina.

Talata, bayan Azahar

Inna Larai ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Kai dai karatun ya yi maka yawa har ya toshe maka kai. Haƙuri kake ta kai masa kamar ka taka masa ƙafa a kasuwa. Shi ba haƙurinka yake so ba. Kundinka yana nan a zaure inda ka bar shi, ba a buɗe ba, ba a sa masa hannu ba. Ka ce ba zai gane ba. To sai ka je ka ƙaryata kanka."

Na ce, "Inna, abin da wuya."

Ta ce, "Haihuwarka ma da wuya, na yi."

Ta miƙo min faifai ta ce in riƙe mata, tun da dai hannuna ba abin da yake yi.

Laraba, da yamma

Na zauna zan mai da layin farko Hausa. Na cika kwandon shara da takarda. Layi ɗaya tak!

Alhamis, 17 ga wata, bayan La'asar

Na gwada a kan Bahijja. Na zaunar da ita na fara zuba. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu kamar 'yar aji, ta ce, "Baban Jannatu, Turanci kake yi da kalmomin Hausa. Ni ban ji komai ba. Fara daga abin da zan iya taɓawa."

Na ɗauko cokali. Na ce wannan cokalin, da ke, da ni, duk tarin ƙwayoyin zarra ne. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu 'yan dunƙule, ɗaya ana ce masa furoton. A cikin furoton kuma akwai wasu ƙananan abubuwa guda uku, sunansu kwak. Abin da yake ɗaure su wuri ɗaya shi ne guluwon, sunan ma daga gam aka samo shi. Karatuna kaf a kan wannan ɗaurin yake.

Ta ce, "To ka ga, yanzu ka yi magana."

Sai na ji daɗi na ƙara wuta. Na ce kowane kwak yana da launi, ja ko kore ko shuɗi, amma fa ba launin gaske ba ne. Ta ce to me ya sa kuka kira shi launi? Na ce suna ne kawai aka laƙaba wa wata sifa mai iri uku. Ta ce, "Wato kun rasa suna kuka ari na masu rini, amma mu ne ba za mu gane ba."

Na ce ta tashi ta duba miyarta. Tana fita na ji kamar in nutse, don gaskiya ta faɗa.

Asabar, da hantsi

Mutum huɗu kawai suka zo. Malam Nagoda ya zauna kan dakali da littafinsa a rufe har rana ta yi zafi, sannan ya tafi.

Litinin, 21 ga wata, da safe

Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne halin ƙarfin kansa, don ya saɓa wa duk abin da aka saba. Maganaɗisu in ka nisanta shi da ƙarfe jansa raguwa yake yi. Wannan kuwa a'a. In kwak suna kusa da juna sai ka ce babu abin da ya haɗa su, kowa na yawonsa. Da ɗaya ya fara nisa sai ɗaurin ya riƙe shi gam, ba ya saki.

Ina tsaye a bayan gida ina wannan tunanin sai ga Inna ta fito da awakinta biyu, ta ɗaure su da igiya ɗaya. Suna gefen juna igiya na kwance a ƙasa, suna kiwo ko a jikinsu. Ɗaya ta hango ganyen masara ta zabura, igiya ta miƙe ta fizgo ta.

Na yi ihu, "Inna, shi ke nan! Haka abin yake!" Na yi mata bayani ina rawar jiki. Ta saurara, ta ce, "To in akuyar ta ja da ƙarfi igiya ta tsinke fa? Ai ta samu kanta."

Na ce a nan ne abin mamakin yake. In aka ja har ɗaurin ya tsinke, ƙarfin da aka zuba wajen jan sai ya zama sababbi guda biyu, ɗaya a kowane bakin igiya. Maimakon ka samu guda shi kaɗai, sai ka tarar kowanne ya yi sabon abokin ɗauri.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Da awakina haka suke ai da na cika garin nan da garke."

Ta gane. Inna da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane a tsaye, da igiya a hannu. Ni kuma na dubi mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana warware nahawu da lissafin gado na ce masa abin da na ce.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, bayan Magariba

Baba ya fara ɗaure littattafansa cikin gafaka. Da idona na gani ta ƙofa, yana shafa kowanne kafin ya saka. Inna ta ce ya aika wa ƙanensa Kawu Lawal da ke cikin birni ya zo da mota ranar Asabar ya kwashe su, wai kada su zauna a gidan da ba a karatu.

Littattafan kakansa ne. In suka fita daga gidan nan zauren ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Alhamis, 24 ga wata, da rana

Na gama fassara layin farko, har na zarce na yi shafi biyu. Sai na ci karo da wata jimla da ni na rubuta da hannuna: kamar yadda aka sani, ba a samun kwak shi kaɗai.

A can babu wanda ya tsayar da ni a kan wannan jimlar. Malamai uku suka karanta suka wuce. Amma na san Baba. Ba a ce masa "an sani." Zai ce wa ya sani, a wurin wa ya ji, mene ne hujjarsa.

Kuma gaskiyar ita ce, an gwada an gwada ba a taɓa kama guda shi kaɗai ba. Manyan kwamfutoci sun yi lissafi sun nuna haka abin yake. Mun san guluwon yana jan ɗan'uwansa guluwon, shi ya sa ƙarfin ba ya bazuwa, yake tattaruwa kamar igiya. Amma hujja ta lissafi, daga tushe har ƙarshe, wadda za ta ce dole ne haka ya kasance, har yau babu wanda ya kawo ta. Ni ma ban kawo ba. Kundina wani ɗan lungu kawai ya share a gefen tambayar.

Zan iya tsallake jimlar. Ba zai san na tsallake ba.

Juma'a, da yamma

Na je Kwangila na roƙi Malam Nagoda ya tara min duk wanda ya samu gobe da safe, har waɗanda suka koma Dutsen Abba. Na kuma kira abokan aikina biyu da suka zauna a sahun gaba ranar. Malam Nagoda ya dube ni ya ce, "Ka shirya?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla, gobe muna nan."



Asabar, 26 ga Yuli, bayan Azahar

Bari in rubuta tun da zafinsa, don kada in gyara wa kaina labarin daga baya.

Na share zaure da kaina bayan Asuba, na shimfiɗa tabarmi. Mutane suka cika har waje. Motar Kawu Lawal ta iso ta tsaya a ƙofar gida, direba bai ma kashe ta ba. Na zauna kan tabarma da kundi a cinya, na ce wa Mujahid ya shiga ya ce wa Baba ɗalibi na jira.

An daɗe. Har na fara jin tari da gyaran murya a bayana. Sai ga shi ya fito da buzu a hammata. Ya shimfiɗa shi a wurinsa na kullum. Zuciyata ta yi sanyi, na ce alhamdu lillahi. Sai ya juyo ya ce, "Hau, Dakta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni?"

Ya ce, "A gidan nan mai karantarwa ke hawa buzu, mai nema ya zauna ƙasa. Yau ni ne mai nema. Hau."

Na roƙe shi, Malam Nagoda ya roƙe shi, ko gezau. Na hau. Ya tattara rigarsa ya zauna kan tabarma a gabana, tsoho mai ciwon gwiwa, ya sunkuyar da kai yadda ɗalibansa ke yi masa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Bismillah. Biya min."

Na karanta layin farko, na fassara. Na kawo cokali, na kawo furoton, na kawo kwak uku da guluwon. Da na zo kan launi ya ɗaga kai ya ce, "Wato isɗilahi ne, ba rini ba. Wuce." Abin da na yi yini ina fama da shi, ya gama da shi da kalma ɗaya: isɗilahi, wato sunan da masu fanni suka yarda su laƙaba wa abu. Na kawo awakin Inna, zaure ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya maimaita min duk abin da na faɗa daga farko, a tsare, ya fi yadda na faɗa kyau.

Sannan ya ce, "Tambaya ɗaya. An taɓa ganin guda shi kaɗai?"

Na ce, "Ba a taɓa ba."

Ya ce, "Ba a taɓa ba daban, ba zai yiwu ba daban. Wanne kuke da hujja a kai?"

Ban tsallake jimlar ba, amma ko da na tsallake ashe da ƙafarsa zai iso wurin. Na dubi abokan aikina, suka sunkuyar da kai. Na ce, "Na farkon, Baba. Na biyun muna kyautata zato ne ƙwarai, amma hujjar ba ta cika ba."

"Kai ma ba ka da ita?"

"Ba ni da ita."

"Malamanka na can fa?"

"Su ma haka. Babu wanda ya gane wurin nan har ƙarshe, Baba. Ni ma ban gane ba."

Motar Kawu na ta ƙara a waje. Baba ya daɗe yana kallona. Sai na ga gemunsa na motsi.

Ya ce, "Ashe dai muna da yawa."

Ya miƙo hannu ya ɗora kan kundin, ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya buɗa wa wani cikin zuriyar gidan nan wannan ƙofar da ta rage. Jama'a suka shafa. Ni hawaye ya hana ni ganin komai, ina zaune daram kamar an kafa ni.

Sai na ji ya taɓa min gwiwa da yatsa.

"Sharfu, sauka min daga kan buzu, mutane na jiran karatu. Ka je ka ce wa direban can ya kashe mota, ya cika mana kunne."

Lahadi, da hantsi

Na kwance gafaka na mai da littattafai wurinsu. Malam Nagoda ya matsa min a ƙarshen tabarma. Yau na fara ɗaukar karatu a wurin Baba daga babin farko.